AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ina Kuɗin Binciken Shan Ƙwaya Suke Shiga?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili inda muke buga amsoshin wasiƙun da aka karanta a rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya ajiye. A wannan makon wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, saboda amsarta tana da tsawo. Ta fito ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a garin Dabai, cikin ƙaramar hukumar Zuru ta jihar Kebbi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

TAMBAYA: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Kullum muna ji a rediyo wai Turawa da Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da kuɗin tallafi don a yi bincike a kan shaye-shaye, a kuma hana matasa shan ƙwaya. To mu dai a nan Dabai ko kwabo ba mu gani ba. Abin da muke gani shi ne yaranmu ba sa iya ɗaukar fartanya sai sun haɗiyi tiramol. Ɗan ƙanena da nake riƙo tun yana ƙarami ya faɗi a gona bara lokacin maimai, yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, da aka laluba aljihunsa sai ga ƙwayar. Har yau bai daina ba, wasu kuma suna ba ni shawara in kai shi gidan mari. Ina so ku bayyana mani, su wa ke ba da kuɗin nan, ina suke shiga, me binciken ya gano, kuma wane amfani zai yi wa talaka irina?"

AMSA: To, Malam mai tambaya, mun gode da wannan wasiƙa taka, Allah kuma ya ba yaron lafiya, ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Za mu bi tambayoyin naka ɗaya bayan ɗaya, sannan mu dawo kan maganar yaron, don mun san ita ce ta fi damunka.

Da farko dai ya kamata a fahimci abin da ake nufi da kuɗin tallafi. Ba bashi ba ne da za a biya, ba kuma rabo ba ne irin na takin zamani da ake kiran sunaye a ƙofar hakimi. Kuɗi ne da wata gwamnati ko wata ƙungiya take warewa don a yi wani aiki da aka ambata, cikin wa'adin da aka yanka, sannan wanda ya karɓa ya kawo lissafin yadda ya kashe su. Kamar dai ka ba mai haƙar rijiya kuɗi ne: ba don ya raba wa mutanen unguwa ka ba shi ba, ka ba shi ne don a wayi gari a ga ruwa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, an ga ruwan ko ba a gani ba?

SU WA KE BA DA KUƊIN?

Tallafi mafi girma da aka sani a wannan fanni a Nijeriya ya fito ne daga Tarayyar Turai. Ta ware fiye da Yuro miliyan 30 don wani shiri da aka soma a 2013, aka kammala a 2022. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, wato UNODC, shi ya riƙe kuɗin ya gudanar da aikin, tare da hukumomin gida. Cikinsu akwai Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, NDLEA, wadda aka kafa da doka ta 48 ta shekarar 1989 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, da ma'aikatun lafiya da ilimi na tarayya.

Kada kuma ka ɗauka tsabar kyauta ce kawai ta sa Turawa suka buɗe bakin aljihu. Masu fataucin hodar Iblis da sauran ire-irenta sun daɗe suna bi ta Afirka ta Yamma suna kai kayansu Turai. Wato dai suna taya maƙwabci kashe gobara ne don kada ta kai ga nasu rufin. Wannan ba laifi ba ne, amma yana da kyau mutum ya sani.

Kuɗin sun kasu gida uku. Kashi na farko na tattara bayanai ne da tsara manufofin gwamnati. Na biyu na horar da jami'an tsaro da saya masu kayan aiki. Na uku kuwa na rigakafi ne da jinyar waɗanda suka riga suka kamu. A cikin gida ma akwai masu ba da nasu, kamar asusun TETFund da ke ba malaman jami'a kuɗin bincike daga harajin da ake karɓa hannun kamfanoni, da gidauniyar kamfanin MTN wadda ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da shaye-shaye a ƙarshen 2018.

ME BINCIKEN YA GANO?

Kafin wannan shiri, kowa faɗin son ransa yake yi a kan yawan masu shan ƙwaya a ƙasar nan. Wannan ya ce annoba ce, wancan ya ce 'yan tsiraru ne a birni. Sai aka ɗauki nauyin ƙidaya ta farko ta ƙasa baki ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da wata cibiyar bincike kan shaye-shaye mai suna CRISA da ke Uyo suka yi aikin, aka fito da rahoton a watan Janairu na 2019.

Wani zai ce, yaya za a san halin ƙasa guda ba tare da an tambayi kowa ba? Kai da kake sayar da hatsi ka fi kowa sanin amsa. In aka kawo maka buhun dawa, ai ba zazzage shi kake yi ka duba kowace tsaba ba. Ɗan ƙarfen nan kake soka masa sama da tsakiya da ƙasa, ka zaro kaɗan ka duba a tafin hannu, ka san abin da ke ciki. Haka aka yi. An shiga gidaje 38,850 a dukkan jihohi 36 da Abuja, birni da ƙauye. An kuma zauna da mutum 9,344 waɗanda shan ƙwaya ya riga ya yi wa katutu, aka ji ta bakinsu ba tare da rubuta sunan kowa ba. Kuɗin mota, da na masu ɗaukar bayani, da na horar da su, da na na'urorin lissafi, nan wani kaso na tallafin ya tafi.

Ga abin da tafin hannun ya nuna. A cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da wata ƙwaya ba bisa umarnin likita ba cikin shekarar da ta gabaci ƙidayar. Wato kashi 14.4 cikin ɗari ke nan, kusan mutum ɗaya cikin kowane bakwai, alhali a duniya baki ɗaya abin bai wuce kashi 5.6 ba a 2016. Wannan lissafi kuwa ban da giya da taba sigari. Tabar wiwi ce a kan gaba da mutum miliyan 10.6. Sai magungunan kashe raɗaɗi, galibinsu tiramadol, da mutum miliyan 4.6. Sai maganin tari mai kodin da makamantansa, mutum miliyan 2.4. Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne, cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Haka kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya kai matsayin da likitoci ke kira ciwo, wato ba ya iya dainawa don kansa.

A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma an sami kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3. Kano ce ta fi yawa da kashi 16. Jihar Kebbi kuwa an ƙiyasta kashi 12.6, kimanin mutum 286,000, wato kusan ɗaya cikin takwas. Rahoton ya tsaya ne a matakin jiha, bai rarrabe Dabai da Zuru da Ribah da Mahuta ba. Amma ka tsaya ranar kasuwa ka ƙirga mutum takwas-takwas, za ka gane cewa abin da ya sami gidanka ba kai kaɗai ya samu ba. Amfanin ƙidaya na farko ke nan: ta cire maganar daga ɗaki ta kai ta gaban gwamnati da lamba, yadda ba wanda zai ce bai sani ba.

ABIN DA YA KAYAR DA YARON

Yanzu bari mu zo kan ita tiramol ɗin. Asalinta magani ne na gaskiya. A Jamus aka ƙirƙiro ta, aka soma sayar da ita a 1977, don rage raɗaɗi ga wanda aka yi wa aiki ko ya karye. Danginta ɗaya da kodin wajen yadda take aiki a ƙwaƙwalwa. Hukumar NAFDAC ta yarda ne da mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100 kawai, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a yini guda ga babban mutum, a rarrabe. Amma wadda ake fasa-ƙwaurinta, galibi daga Indiya, akwai mai 120, da mai 200, da mai 225, har da mai 250. Ka lissafa da kanka: yaron da ya jefa guda biyu masu 225 cikin shayi da asuba, ya sha 450 a zama ɗaya, ya wuce abin da ake ba majinyaci a yini cikakke. Ɗaya daga cikin illolin da likitoci suka tabbatar na shan ta da yawa shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Ɗaya illar kuma ita ce numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya, musamman in an haɗa ta da giya ko da ƙwayoyin barci irin su diyazafam.

Matasa suna cewa tana ba su ƙarfi. Gaskiyar magana ba ta ƙara wa jiki ko ƙwayar gero ta ƙarfi. Gajiya da ciwon jiki 'yan aike ne, su ke zuwa su ce wa mutum ya isa haka, a huta, a ci abinci. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta toshe wa ɗan aiken baki. Kamar mai babur ne da man inji ya ƙare, injin yana ƙara, sai ya toshe kunnensa ya ci gaba da gudu. Zai kai gaba kaɗan kam, amma kowa ya san ƙarshen injin. Sannan jiki yana sabawa: guda ɗayan da ta yi aiki a farkon damina ba za ta yi ba a lokacin girbi, sai biyu, sai uku. Ranar da ba a samu ba kuma sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da rashin barci, da faɗa ba dalili. Daga nan ba don noma yake sha ba, yana noma ne don ya sha.

Masu fataucin kuma ba barci suke ba. Da Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramadol a 2018, sai aka koma haɗa wasu magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, a ƙwaya ɗaya, ana sa mata sunaye da kwalaye masu kama da na da. Bayan wani binciken BBC a watan Fabrairu na 2025 ne Indiya ta haramta wannan haɗi. Saboda haka abin da ake miƙa wa yaro a tasha da sunan tiramol, shi kansa mai sayarwar bai san abin da ke ciki ba.

WANE RIGAKAFI NE KE AIKI?

Bincike iri biyu ne. Akwai mai tona asiri, akwai mai gwada magani. Misalin na farko shi ne fim ɗin da BBC ta fitar a ranar 30 ga Afrilu, 2018, wanda ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita daga kamfanoni zuwa hannun matasa a Kano da wasu garuruwa. Washegari gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. To amma hani kaɗai ba ya kashe ƙishirwar mai sha, sai dai ya sa farashi ya hau, ko ya koma wa wani abin.

Misalin na biyu shi ne wani shirin makaranta mai suna Unplugged, wanda aka fara a Turai. Darasi 12 ne, malamin aji ke koyarwa bayan an horar da shi. Ba tsoratarwa ake yi ba. Ana koya wa yaro yadda zai ce a'a ga abokinsa ba tare da sun ɓata ba, da yadda zai yi da fushi ko baƙin ciki, ana kuma nuna masa cewa ba kowa ke sha ba kamar yadda ake gaya masa. Da kuɗin tallafin nan aka gwada shi a makarantun sakandare 32 na gwamnatin tarayya a zangon karatu na 2015 zuwa 2016. Yadda aka yi gwajin kamar gonar gwaji ce ta malaman gona: a raba fili biyu, a sa wa ɗaya taki a bar ɗaya, a jira kaka. An yi ƙuri'a, rabin makarantun suka sami darussan, rabi ba su samu ba, daga baya aka auna. Sakamakon ya nuna ɗaliban da aka koyar sun rage shan giya fiye da sauran. A kan taba sigari kuwa ba a ga bambanci a fili ba, kuma masu binciken ba su ɓoye hakan ba. Daga baya an faɗaɗa shirin, jihar Kebbi ma tana cikin jihohin da suka karɓe shi suka horar da malamansu.

Akwai kuma darasi daga wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai suna Aislan, wadda mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na yaransu masu shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya cikin watan da ya wuce. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Masu shan taba kullum sun sauko daga kashi 23 zuwa 3. Me suka yi? Sun riƙa yi wa yaran tambayoyi a kai a kai, suna mayar wa kowane gari da sakamakonsa. Binciken ya nuna masu cewa yaron da ke samun lokaci da iyayensa, wanda aka san inda yake da dare, wanda kuma yake da abin yi bayan makaranta, shi ya fi tsira. Sai iyaye suka haɗa baki, aka sa lokacin da yara za su koma gida da dare, gwamnati kuma ta sa kuɗi a wasanni da koyon kiɗa. Ka duba da kyau, Malam, yawancin wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tarbiyyar da kakanninmu suka sani ce, bincike ya zo ya tabbatar da ita da lamba.

Haka kuma binciken ya nuna abin da ba ya aiki. Ƙa'idojin rigakafi da UNODC da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2018 sun nuna cewa tara yara rana ɗaya a yi masu lacca mai ban tsoro, a tafi, ba ya sauya hali. Gangami da riguna da huluna ranar 26 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tunatarwa ce kawai. Aikin gaskiya na kullum ne, a gida da aji da wurin sana'a.

INDA KUKANKA YAKE KAN HANYA

Ba za mu ce maka komai ya tafi daidai ba. Yawancin tarurruka da horarwa a manyan birane ake yinsu. Darasin makaranta ba ya isa ga yaron da ya bar karatu ya kama ƙwadago ko kabu-kabu, alhali shi ya fi shiga haɗari. Shirin ya tallafa wa asibitoci 11 su zama abin koyi wajen jinyar masu shaye-shaye, to amma asibiti 11 a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ai ɗigo ne. Rahoton kansa ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ya yi wa katutu suna son magani, amma tsada, da nisa, da tsoron gori suna hana su. Daga Zuru zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna, tafiya ce mai cin kuɗi da yini.

Abu na biyu, kuɗin tallafi baƙo ne, yana da ranar tafiya. Na Tarayyar Turai ya ƙare a 2022. A 2025 kowa ya ga yadda gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, har ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka tsaya cik. Abin da ke saura bayan baƙo ya tafi shi ne ilimin da ya bari. Shi ne ruwan rijiyar, kuma ɗibarsa ba ta buƙatar izinin kowa.

SHAWARA GA MAI TAMBAYA

Game da yaron, muna roƙonka kada ka kai shi inda za a sa masa mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, a watan da ya biyo baya aka sake samun irinsa a Daura. Sarƙa tana tsare ƙafa, ba ta taɓa ciwon. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi cewa mai irin wannan lalura majinyaci ne mai haƙƙi.

Ka zaunar da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban mutane ba. Ka tambaye shi nawa yake sha a yini, tun yaushe, kuma me ya sa ya fara. Daga nan ku je babban asibitin Zuru tare, ku tafi da kwalin ƙwayar, ku gaya wa likita gaskiya. Shi zai duba ko za a rage masa a hankali, ko a tura ku Birnin Kebbi ko Kware. Yankewa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da wahala ƙwarai, in kuma akwai ƙwayoyin barci a ciki yana da haɗari. Hukumar NDLEA, ƙarƙashin Janar Buba Marwa mai ritaya da aka naɗa a Janairun 2021, ta buɗe layin waya na kyauta a 2022 don masu neman shawara, lambar ita ce 0800 1020 3040. In ya daina ya sake komawa, kada ka ce an yi asara. Haka ciwon yake, sai an yi ta faɗuwa ana tashi.

In Allah ya kiyaye ya sake faɗuwa yana jijjiga, a kawar da fartanya da duwatsu daga kusa da shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko madara. In kuwa aka ga barci mai nauyi, ba ya farkawa, numfashi na ja da ƙyar, to a nemi abin hawa nan take zuwa asibiti.

Ga sauran manoma kuma, ga magana mai ɗaci. Wasu masu gona su da kansu ke saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya, ko su kau da kai, don a gama kadada cikin yini. Wanda ya yi haka yana sayen aikin yau ne da lafiyar ɗan wani, gobe kuma wani zai yi wa nasa. Ƙasar Zuru ƙasa ce da aka san ta da juriya. Al'adar golmo ta Lelna, inda saurayi da abokansa ke shekara da shekaru suna yi wa surukai noma kafin a ba shi mata, an kafa ta ne don a gwada ƙarfin mutum da haƙurinsa, ba ƙarfin abin da ya haɗiya ba. Shugabannin gayya da na golmo suna iya sa doka a tsakaninsu: a fita da sanyin safiya, a huta in rana ta take, a kawo tuwo da kunu da ruwa isasshe, wanda aka kama da ƙwaya kuma a kira iyayensa.

'Yan kasuwa ma suna da nasu. Sarkin kasuwa da sarkin tasha sun san wane mai shayi ne ke jefa abu a kofi, wane mai kemis ne ke sayarwa ta bayan kanti, wane mai tallar magani ne ke da kaya biyu a jaka. In suka haɗa kai da mai unguwa da hakimi suka kai rahoto ga NDLEA, ba sai an jira Turai ba. Limamai da fastoci su riƙa ambatar maganar ba tare da tozarta gidan kowa ba, don gori shi ke sa iyaye ɓoye ciwo har ya ci rai. A kuma tuna da 'yan mata da matan aure, tunda ƙidaya ta nuna su ma suna ciki. Shi kuma saurayin da ke sha, a ba shi lissafi ya yi da kansa: a ce Naira 500 kawai yake kashewa kullum, a shekara ta zama Naira 182,500. Ya faɗi da bakinsa tumaki nawa ke nan.

Daga ƙarshe, gargaɗi. Duk wanda ya zo maku da takarda ya ce ku biya kuɗin cikewa don a sa ku cikin masu cin tallafin yaƙi da ƙwaya, ɗan damfara ne. Masu ba da tallafi na gaskiya ba sa karɓar kuɗin fom, kuma ba mutum ɗaya suke ba, sai ƙungiya mai rajista, mai asusun banki da sunanta, mai littafin lissafi, wadda aka riga aka ga aikinta a ƙasa. In matasan Dabai suna so a ji su, su fara da abin da ke hannunsu: su kafa ƙungiya, su yi mata rajista, su rubuta wa ofishin NDLEA na jiha su nemi a zo a horar da su, su nemi shugabannin makarantunsu su tambayi ma'aikatar ilimi labarin darussan nan 12, su kuma gayyaci malaman Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru su zo su yi ƙidayar yankin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai masu ɗaki sun kama sannan maƙwabta ke kawo nasu hannun.

Da fatan Malam mai tambaya da sauran jama'ar Dabai sun gamsu. Muna roƙonka ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda jikin yaron yake bayan kun ga likita. Masu son aiko da tasu tambayar ƙofa a buɗe take, a rubuta a taƙaice, a kuma faɗi garin da ake. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.